Tarugun Baba a Ƙarƙashin Zana

Shekarar da Baba ya daina gani, lokacin Birnin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, ni na kafe sai da aka ɗauko shi daga Zauro aka kawo shi gidana a unguwar Nasarawa. Bai zo da komai ba sai buta da carbi da wani ƙullin tsumma da ya hana kowa taɓawa. Irin tarugu ne a ciki. Mahaifiyarsa ce ta zo da shi daga Argungu, kuma tun daga nan kowace shekara ake shuka shi, a fitar da iri a ajiye. Shekarar da ta gabata ruwa ya cinye gonar, don haka abin da ke cikin tsumman nan shi kaɗai ya rage. Bai cika tafin hannu ba.

Damina na ja baya ya ce in yafa shi. Na yi ɗan fangali a bayan madafa, na zuba taki, na yafa irin, na kafa masa rumfa da wata tsohuwar zana da gara ta cinye wa gefe ɗaya. Kullum sai na yi wa maigidana mitar ya sake ta, kullum sai ya ce gobe. Da suka tsiro, kai, na so abubuwan nan! Kafin in ɗora koko sai na leƙa su.

Da suka kai tsawon ɗan yatsa, Baba ya kira ni. Ya ce daga gobe in riƙa ɗauke zanar da safe in mayar da hantsi, bayan kwana biyu in bar ta har azahar, daga nan in ɗauke ta gaba ɗaya. Ruwa kuma in rage, yau a ba su, gobe a hana. "A koya masu rana, ɗiyata," in ji shi. "Fadama ba ta da rumfa."

Ranar farko na ɗauke. Kafin hantsi ya ɗaga duk sun yi laushi sun sunkuyar da kai, kamar an watsa musu ruwan zafi. Haba! Ni ban iya kallon abu yana wahala ina tsaye ba. Na mayar da zana, na shayar da su har ƙasa ta yi caɓal. Daga ranar ban ƙara ɗauke ta ba. In Baba ya tambaya sai in ce, "Na ɗauke, Baba." Har kwantar da moɗa nake yi dab da ƙasa don kada ya ji ƙarar ruwa. Ubana makaho na yi wa wannan ƙaryar, kuma har yau ina jin kunyarta.

Da ruwa ya janye daga fadama, yayana ya zo da keke zai kai su dashe a Zauro. Ya tuge su duka ya naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, sannan Baba ya ce a sa masa ɗaya a hannu. Ya murza karan tsakanin yatsunsa. Can ya ce, "Mi kinka yi masu? Wanga bai san rana ba." An riga an tuge, babu mayarwa.

Bayan kwana huɗu yayana ya dawo, tun daga ƙofa na gane a fuskarsa. Duk sun kwanta sun bushe, ban da waɗansu gajeru masu taurin kara, ba su kai ashirin ba. Na san su sarai. Na gefen da gara ta ci ne, waɗanda rana ke duka kullum ina tsaki.

Na zauna na yi kuka mai isata. Da Baba ya zage ni da na fi jin sauƙi, amma bai yi ba. Cewa ya yi, "Tausai ne, na sani. Ni ma shi kike yi mini." Gaskiya ya faɗa. Tun zuwansa ban bar shi ya je masallaci da rana ba, ko buta ya ɗauka sai na karɓe. Ya ce in bar shi ya koma Zauro ya zauna kusa da 'yan da suka rage, ya riƙa jin su da hannunsa. Na yi faɗa, na ce wallahi babu inda za shi. Washegari da safe ni da kaina na ɗaure masa kayansa.

Bai ƙara kwana a gidana ba, a can Allah ya karɓi abinsa wata shekara. Amma kafin nan ya aiko yayana da tsumman nan, cike har da ƙyar ya ƙullu, ya ce a ba ni, ni zan riƙe.

Har yanzu ina shuka shi. Ranar da za a fara ɗauke zana, ɗaukewa nake yi in shige ɗaki in ja ƙofa, don ban yarda da kaina ba.