Kwatancen Gida Mai Koriyar Ƙofa

Ban taɓa taka ƙasar Ingila ba, amma akwai wata unguwa a gefen wani birninsu na bakin teku da na sani lungu da saƙo. Shekara shida ina tuƙa wani dattijon Bature injiniya a nan Doha, kullum in taso daga ɗakinmu na Mansura in ɗauko shi, kuma wallahi bawan Allahn nan ya cika min kunne da unguwarsu har na haddace ta.

Ni na jawo wa kaina. Wata rana muna ratsa Al Asmakh wani ɗan garinmu ya kira ni ya ɓata, na ce masa ya wuce inda mai shayin nan yake da, ya sha kwana daidai gidan da aka rushe. Oga ya ce in faɗa masa da Turanci abin da na ce. Da ya ji, ya yi dariya har da tari.

"Kana kwatance da abin da babu shi?"

"Oga, ai kowa ya san inda yake da."

Sai ya ce haka mahaifiyarsa take yi. Shi ke nan fa! Daga ranar, da mun shiga cunkoso sai ya ɗauko kwatancen gidansu. Idan ka fito tashar jirgin ƙasa ka gangara, za ka tarar da hasumiyar agogo wadda masu jiragen ruwa suka gina don 'yan dako su daina makara. Gaba kaɗan cocin matuƙa jirgi, da ƙaton ƙarfen tsayar da jirgi a ƙofarsa. Sai katangar da aka ja wa layi inda ambaliya ta taɓa kaiwa, sai dogon ginin da ake tufka igiyar jirgi, wanda aka rushe tun yana saurayi. Bayansa matakalar dutse, a samanta gida mai koriyar ƙofa, inda aka haife shi. Wani lokaci don tsokana nakan riga shi faɗa, ya harare ni ya ce na tsallake katanga.

Da ya yi ritaya ya tafi, na yi kewarsa sosai, ba na ɓoyewa.

Bayan shekara biyu, wata la'asar ina zaune cikin mota a Mu'aither ina jiran sabon maigidana, sai ga kira daga ƙasar waje. 'Yar tsohon Ogana ce, wadda aka haifa a nan ƙasashen Larabawa, ba ta taɓa zuwa unguwar ba. Ta ce tsufa ya ruɗa Baba, wani lokaci ko ita ba ya ganewa, kullum kuka yake a kai shi gida. Ta tuƙo shi tun safe, ga su a bakin tashar, amma sunan layin da yake ambata babu shi a taswirar waya. Ta ce ya sha gaya mata direbansa na Doha ya fi shi sanin hanya.

Na yi bisimilla, na ce ta gangara.

"Ga agogon!" ta ce. Ga cocin, ga ƙarfen. Layin ambaliyar ma yana nan, ya dushe. Sai ta tsaya.

"Babu wani dogon gini. Kanti ne da wurin ajiye motoci."

"Haba baiwar Allah! Ai inda yake da na ce miki. Ki duba, babu hanya doguwa miƙaƙƙiya a wurin?"

Akwai. Ta bi ta har ƙarshe, ta ga matakala, ta zagaya ta sama da motar. Daga nan na ji muryarta ta karye. Gidaje ne a jere iri ɗaya, kuma babu koriyar ƙofa ko guda, duk an sake fenti. Ni ma a nan ilimina ya ƙare. Na riƙe waya ina jin haushin kaina, shekara shida ban taɓa tambayarsa gida na nawa ba ne.

Na ce ta matso da wayar kusa da shi, ta riƙa tafiya a hankali. Na soma daga farko yadda yake yi, tasha, agogo, coci, da gangan na tsallake katanga.

"Ka tsallake katanga," in ji wata murya a shaƙe.

"Tuba nake, Oga."

Muka ci gaba tare, ni da shi, har matakala. Can ya ce, da irin muryar da yake min magana daga kujerar baya, har da ɗan Larabcinsa na Doha, "Yalla, abokina, tsaya nan. Ga Mama can ta bar taga a buɗe."

Ina jin 'yarsa tana shessheƙa. Na ce, "To Oga, mun iso." Na kai hannu zan kashe mota, sai na tarar tun ɗazu a kashe take.