Hoton da Mma Ta Je Cirewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin motar haya ta torotoro zuwa Circle a Accra aka kira ni, wai Baba Isaka mai hoto ya rasu. Har na wuce inda zan sauka ban sani ba.

Shi ya fara ɗora mini kyamara a hannu. In na ɓata hoto sai ya saya mini ƙosai, ya ce ciki da yunwa ba ya saita ido.

Ku da kuka tashi a unguwar Nima kun san mu da hoto. Sai an yi wanka, an ari leshi, an jingina da motar wani, sannan a aika gida Nijar a ce Accra ta karɓe mu. Shi kuwa Baba sai ya bi mutum wurin sana'arsa ya ɗauke shi da guminsa.

Haka ya yi wa mahaifiyata, Mma, tana dama koko a unguwar Maamobi, da tsohon zane, hayaƙi ya rufe mata ido. Da ya kawo mata hoton ko kallo ba ta yi ba, ta kore shi. Tun ina firamare ba ta sake amsa gaisuwarsa ba.

Watan jiya gidan tarihin hotuna na cikin gari, wanda nake karatu a makarantarsa, ya rataye hotunan Baba. Mma ta ji nata na ciki. Ta yafa mayafi ta ce sai an cire.

Muka tafi mu uku, ina tura Baba a keken guragu. Ya riga ya ce in ta nace, da hannunsa zai cire.

Ga hoton nan, ya kai tsayin ƙofa, ɗalibai sun kewaye shi. Mma ta ratsa su za ta fara faɗa, sai idonta ya sauka a kan hoton.

A gefen hoton, bayanta, ga mahaifina ya tsuguna yana hura mata wuta, yana dariya. Mutumin da har ya bar duniya bai yarda ya tsaya gaban kyamara ba. Ko ɗaya ba mu da hotonsa a gida.

Mma ta juyo ga ɗaliban ta ce, "Ku matsa, ku duba da kyau. Wannan mijina ne!"

Sannan ta durƙusa gaban keken: "Alhaji, ina kwana?"

Baba ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Rabi, ɗauki wannan maza, kafin uwarki ta canza ra'ayi!"

Na ɗauka. Ganina da shi na ƙarshe ke nan, kuma wallahi ban taɓa ganin sa cikin farin ciki irin na ranar ba.

Allah Ya jiƙan Baba Isaka, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da mahaifina a Aljanna. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa su biyun a addu'a.