Likkafanin Iya na Uku

Wata Laraba a daminar 1989, rana ta ɗan leƙo bayan kwana uku ana ruwa, na dawo daga makaranta na tarar da farin yadi shanye a igiyar gidanmu na Rigasa. Babana direba yana kwance a ɗaki da ciwon shawara, sati biyu ko koko ba ya zama a cikinsa, ga kuma Iya ta fito da likkafaninta.

Iya kakar babana ce, ni tattaɓa-kunnenta. Ba wanda ya san shekarunta, har ita kanta. Daga ƙauyensu na Katsina aka ɗauko ta wai ta huta, amma ina! Kafin mu tashi ta share tsakar gida, ta ba awaki dusa, ta zauna ɓarar gyaɗa tana mitar mun cika barci. Abincinta fura da tuwon dawa, shinkafa kuwa ta ce ta marasa aiki ce. Uwarta ta ga tattaɓa-kunne, ƙannenta mata biyu suna nan a ƙauye suna kiwo. "Mu matan gidanmu ba mu da saurin tafiya," in ji ta, "mazan ne ke da gaggawa."

Kamar sauran tsofaffi, ta sayi likkafani ta ajiye a ƙasan akwati. Na farko ɗanta aka sa wa, wato kakana. Na biyu ta ba maƙwabciyarmu da ta rasu wajen haihuwa. Ni a lissafina na 'yar shekara tara, duk ranar da yadin nan ya fito, wani yake ɗauka ya bar ta. Don haka na faki ido na fizge shi, na cusa cikin buhun dusa a turken awaki.

Kwana uku Iya ba ta zauna ba. Ta zazzage akwati, ta leƙa bayan randa, ta aika tambaya gidajen maƙwabta, furarta ma ta daina sha. Ni ma ko 'yar gala-gala aka kira ni ba na fita, ina gadin buhu, ina jiyo tarin Baba. Akuya ce ta tona mini asiri, ta jawo gefen yadin har tsakar gida.

Na ɗauka duka zan sha. Sai Iya ta zaunar da ni. "Bilki, ba na ubanki ba ne, don kar ya yi fumfuna na shanya. Na gaji da bayarwa. Kullum roƙona ke nan, Allah ya sa wannan nawa ne." Ranar na fara ganin hawayenta, na kuwa yi kuka har da shessheƙa.

Baba ya tashi. Iya ta ƙara shekara bakwai, kuma a yadin aka naɗe ta, da tabon dusar da na wanke ya ƙi fita.

Yanzu ni ma ina da jikoki, Baba ya daɗe da rasuwa, ƙannena biyu sun bi shi. In aka ce na gado ƙashin Iya, nakan yi murmushi, amma raina ba ya kwanciya. A da na ɗauka mutuwa ce ta manta da ita, ashe ita aka bar wa rakiyar kowa.