Baba Mai Almakashi Ya Ajiye Aiki

Raɓa na bushewa za ka gan shi a bayan ɗakin marasa lafiya, durƙushe cikin kwamin kalandula, furen nan mai ruwan lemo. Yakan yanke shi yana rabin buɗewa, ya zage ganyen ƙasa kada ruwan kwalba ya yi wari, ya goge danƙon a gefen wandonsa. Ma'aikatan jinya suka sa masa Baba Mai Almakashi. Idan aka ce ba shi da tausayi, yakan ce, "Shi wannan in ka bar shi ya yi iri, ya gama aiki. Yanka yake so."

Masu shara sun shaida abin da ya faru da wata tela da aka yanke wa ƙafa. Ta juya wa bango fuska, ta ƙi abinci, mijinta ya yi lallashi har ya gaji. Baba ya ji tsoron kada a fitar da ita a kwance. Ya ajiye mata fure ɗaya a tsuke.

"'Yata, ki taimake ni. Ni yankewa nake, ban cika ganin ƙarshensu ba. In ya buɗe ki gaya mini kalarsa."

Da safe ya leƙo, ta ce da bango, "Tsakiyarsa baƙa ce." Ya kawo wani. Sannu a hankali ta fara juyowa, har da mitar ya makara, cokali a hannunta.

Baba, kai ne ka ba mutum dalilin jiran gobe ba tare da wa'azi ba. Mun gode, Allah ya saka. Duk mai ɗan wuri a bayan ɗaki, ya shuka wani abu saboda wani.

Yanzu gwiwar Baba ta ce ya isa. Ranar sallamarsa daga aiki telar ta zo da sandarta, mijinta rungume da tukunyar kalandula da ta raina da kanta, duk ya buɗe. Baba ya tsaya yana kallo, idonsa ya kawo ruwa. Can sai hannunsa ya tafi aljihu, wurin almakashi.

Ta riƙe hannun. "A'a, Baba. Wannan naka ne, zauna ka gani."