Saƙon Malam Sada da Ya Tsaya a Gaisuwa

Har gobe ban manta da wata Laraba ta tsakiyar damina ba, a shekarata ta farko da kama aiki. Ku da kuka shigo kwanan nan ba ku tarar da tsohon ofishinmu ba. Ɗakuna biyu ne a saman wani bene kusa da Ƙofar Durɓi, in an yi ruwa sai mun janye tebur daga bakin taga. Ni ce ƙaramar injiniya a lokacin, Injiniya Lawal kuma shi ne shugaban sashenmu. Aikinmu kula da wata manhajar waya da ke haɗa asibitocin haihuwa da mutanen da suka yi alkawarin ba da jini kyauta. Wani kamfani ne ya rubuta ta, ya miƙa mana, ya tafi abinsa.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sashenmu ba bayani kaɗan. Yawancin shafukan intanet kamar aike suke: ka tambaya, a ba ka amsa, a rufe ƙofa. Tamu manhajar ba haka take ba. Waya takan buɗe layi ɗaya tsakaninta da babbar kwamfutarmu, wadda muke kira saba, su gaisa, sannan su bar layin a buɗe, kowa ya yi magana a sa'ad da ya ga dama. In shiru ya yi yawa, saba ta aika ɗan gajeren saƙo, "Kina nan?", waya ta amsa, "Ina nan." Ni da na tashi da littattafan soyayya na Babbar Kasuwa a ƙarƙashin matashin kaina, ranar da na fara fahimtar wannan sai da zuciyata ta motsa. Na ce ai waɗannan masoya ne biyu da nisa ya raba, kowane na tsoron ɗayan ya yi barci ya bar shi. Injiniya Lawal ya yi dariya har da buga tebur.

"Rabi'atu," ya ce, "ke ko caja biyu kika gani a ƙasa sai kin ɗaura masu aure."

A cikin layin nan, magana ba ta tafiya a warwatse. Ana ɗaure ta ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da kai da jiki. Kan shi ke faɗin irin saƙon da tsawonsa, yana kuma ɗauke da ɗan mabuɗi. Jikin shi ne maganar kanta, amma in daga waya ta fito a lulluɓe take da wani mayafi na lissafi, sai da mabuɗin nan take karantuwa. A cikin saba akwai ɓangaren da aikinsa ke nan kawai: ya karanta kai, ya karɓi jiki, ya yaye mayafi, ya miƙa wa wanda aka aiko wa.

Ranar tun safe ake ruwa. Mun idar da Azahar ke nan wayar Injiniya Lawal ta yi ƙara. Sista Binta ce, shugabar ɗakin haihuwa a ɗaya daga cikin asibitocin da muke yi wa aiki. Ya sa maganar a fili don in ji.

"Injiniya, ka yi haƙuri, yau babu gaisuwa. Ina da mai jego, Zulai, ta haifi tagwaye, jini ya ƙi tsayawa. Irin jininta wuyar samu gare shi, na firij ya ƙare. Mutum ɗaya ya amsa kira a manhajarku, Malam Sada, tela ne a Ƙofar 'Yandaka."

"To alhamdulillahi, Sista."

"Tsaya ka ji abin da ya rubuto. 'Assalamu alaikum Sista, ina wuni, ya aiki, ya ruwa, ya masu jiki, ya iyali, ya yaran, Allah ya ba marasa lafiya lafiya, Allah ya,' shi ke nan ya fita daga layi. Na sake tambaya ko zai zo, ya dawo ya sake gaishe ni, ya sake fita. Mace na neman tafiya, shi kuwa shina ta tambayata iyali!"

"Ki kira lambarsa mana."

"Injiniya, kurma ne. Ba ya ji, ba ya magana, rubutu kaɗai. Na aika mai babur shagonshi, a kulle."

Ni dai abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Na ce, "Ranka ya daɗe, wane Bakatsine ne zai ce 'Allah ya' ya yi shiru? Ko faɗa ake yi sai ya ƙarasa addu'arsa."

Injiniya Lawal ya jawo kujera kusa da tawa. "Buɗe mana layin tsirara mu gani."

Akwai hanyar da mukan leƙa abin da ke shigowa saba kafin a taɓa shi, lambobi zalla. Na buɗe, na ware layin Malam Sada daga sauran. Muka roƙi Sista ta sake yi masa magana. Muka jira. Na san a wani wuri cikin garin nan akwai wani mutum da ke danna haruffa ɗaya bayan ɗaya, a wani wurin kuma wata mace na kwance fuskarta na yin fari, ni kuma ina tsakiyarsu ina kallon baƙin allo.

Sai ga lambobi sun zubo. Na karanta kan ƙunshin. Tsawon da ya faɗa ya kusa ninka abin da ya biyo shi sau uku.

"Kin gani?" in ji Injiniya Lawal a hankali. "Bai gama zuwa ba."

Kafin ya rufe baki sauran ya iso, layin kuma ya mutu nan take. A nan muka gane abin da ke faruwa. Hanyar sadarwa ba ta san ƙunshi ba. Kamar famfo take a unguwar da ruwa ke wahala, wani lokaci ta kawo da yawa, wani lokaci ɗigo. In sabis na da ƙarfi, ƙunshi kan iso gaba ɗaya. In ya yi rauni, kamar ranar ruwa, dogon saƙo kan rabu a hanya, gaba ya riga baya isowa. Wanda ya rubuta ɓangaren nan ya ɗauka duk abin da ya shigo a karo ɗaya cikakken ƙunshi ne. Sai ɓangaren ya yaye mayafin abin da ya samu ya miƙa wa Sista. Da ragowar ta iso, ya ɗauke ta a matsayin kan sabon ƙunshi, ya ga ba ta da ma'ana, ya katse layin. Da alama da gajerun saƙonni suka yi gwajinsu, a ɗaki mai sabis mai kyau. Ba su gwada da mutumin da zai tambayi lafiyar gidanka kaf kafin ya faɗi abin da ya kawo shi ba.

Na kai hannu zan fara gyara. Injiniya Lawal ya tsayar da ni.

"Kada ki taɓa saba, wasu asibitocin na kanta. Gyara na nan zuwa. Yanzu kamo ragowar nan ki warware ta a kwamfutarki."

Na kwafo ta, na sa mata mabuɗin da ke kan ƙunshin. Shirme ya fito. Injiniya Lawal ya leƙo allon.

"Natsu, ɗiyata. Mabuɗin zagaye yake yi, daga farkon jiki yake fara ƙirga. Haɗa gaba da baya tukuna, sannan ki buɗe."

Na haɗa su. Na danna.

Na karanta labarai da yawa inda ake yaye wa amarya mayafi ɗaki ya haskaka, amma ban taɓa ganin abin da ya kama ni kamar wannan ba. Lambobin da ba su da fuska suka juye suka zama haruffa, haruffa suka zama muryar mutumin da bai taɓa yin magana da baki ba. Gaisuwar ta fara fitowa yadda muka san ta, ta iso wurin da take yankewa, sai ta wuce:

"Allah ya ba ku ladan wannan aiki. Sista, na iso tun ɗazu. Ina bakin get. Mai gadi ya nuna mani da hannu lokacin dubiya bai yi ba. Na nuna mashi waya, bai karanta boko. Na ci abinci, a shirye nike. Ni ne mai shuɗiyar riga a gindin darbejiya."

Duk tsawon lokacin nan jinin da ake nema yana tsaye a ƙofar asibitin, ruwa na dukansa.

Injiniya Lawal ya karanta wa Sista da ƙarfi. Ko wayar ba ta tsaya kashewa ba. Muka ji ƙarar silifa a kan siminti, muka ji an banko ƙofa, muka ji ruwa, sannan muryarta daga nesa: "Baba, buɗe! Buɗe mashi, don Allah!"

Daga nan babu abin da ya rage mana sai jira, don haka muka yi gyaran. Na sa wa ɓangaren nan ma'aji, kamar randa. Duk abin da ya shigo a zuba a ciki. A karanta kai, a san tsawo. In abin da ke randar bai kai ba, kada a taɓa, a jira. In ya kai, a ɗebi daidai tsawon, a bar saura don ƙunshi na gaba. Injiniya Lawal ya duba layi-layi, muka gwada da saƙonnin da muka daddatsa da gangan, sannan ya sanar da asibitoci za a ɗauke sabis na ɗan lokaci, muka ɗora sabon.

La'asar sakaliya Sista ta kira. Muryarta ta dushe. Ta ce an ɗebi jinin, an gwada, an sa. Zubar ta tsaya. Zulai ta buɗe ido, abin da ta fara tambaya shi ne ko an ba 'yan biyu nono. Injiniya Lawal ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Ni kuwa na shiga ɗaya ɗakin na yi kukana.

A taron mako, manajanmu ya kawo shawarar a rubuta a saman manhajar cewa a taƙaita gaisuwa a tafi kai tsaye ga magana. Sista Binta, wadda aka gayyato, ta girgiza kai. Ta ce ta tambayi Malam Sada a rubuce me ya sa bai fara da cewa yana bakin get ba. Ya amsa mata cewa a hanya hannu kawai yake iya ɗaga wa mutane, a waya ne kaɗai yake samun ya gaishe su yadda kowa ke gaisawa, kuma bai ga yadda zai faɗa wa babbar mace buƙatarsa bai tambayi lafiyarta ba.

Injiniya Lawal ya ce, "Ranka ya daɗe, ba za mu rage wa mutum gaisuwarshi don inji ya huta ba. Injin ne zai koyi jira."

Aka bar maganar a haka.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi nake so ku riƙe. A sana'armu, abin da ya fara isowa ba lallai shi ne dukan saƙon ba. Ku karanta kai, ku san abin da aka yi alkawarin zai zo, kada ku yanke hukunci sai ya cika. In za ku gwada aikinku, ku fita da waya inda sabis ke wahala, ku rubuta yadda iyayenku ke rubutu. Mutanen garin nan sai sun gama tambayar lafiyarka da ta gidanka suke faɗin abin da ke tafe da su. Duk injin da bai iya jiransu ba, gaisuwarsu kawai zai ji, ya bar su tsaye a ruwa.