Shafin da Malam Sabi'u ya Ninke

Malam Sabi'u ya rasu.

Ina dama wa yara koko da safiyar nan wayata ta hau ƙara. Sunansa na gani, na ƙi ɗauka, don tun ranar Alhamis nake fushi da shi. Ta katse, ta sake shigowa, na sake ƙyalewa. A karo na uku na ɗauka ina shirin yin sallama a daƙile, sai na ji muryar ƙanensa. Ya ce Malam ya dawo daga sallar asuba yana cewa ƙirjinsa ya riƙe, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu ban san inda na jefar da ludayin ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koyar da ni kemistiri da fiziks a sakandare a Rano. Shekara uku ke nan kuma muna aiki tare a makarantar 'yan mata a Kibiya, shi yana kemistiri, ni ina fiziks, ina kuma taya shi a lab. Kullum daga Rano yake zuwa a kan tsohon mashin ɗinsa mai madubi ɗaya.

Duk wanda ya zauna a ajinsa ya san tambayar nan tasa. Ka gama lissafi, ka cika shafi, ka rubuta biyar a ƙasa kana jin kai wani ne, sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Biyar me? Awaki ko buhun gero?" In ba ka sa mita ko giram a gefen amsa ba, a wurinsa ba ka amsa komai ba.

Ni 'yar Zurgu yake ce min, da sunan garinmu. "'Yar Zurgu, bakinki ya fi hannunki sauri." Kun san ni, bai yi min ƙarya ba.

Ranar jarrabawarmu ta fiziks kalkuletana ta mutu a bakin ƙofar ɗakin jarrabawa. Na tsaya ina kuka. Ya zaro tasa daga aljihu, wadda ya ɗaure murfin batirinta da roba, ya ce in shiga. Da na mayar masa ya ce in riƙe. Tana cikin jakata yanzu haka.

Sannan dokarsa ta buret, wato dogon bututun gilashin nan mai lambobi da ake ɗigo asid daga ciki har kalar ruwan da ke ƙasa ta juya daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan goro. Ba a karanta masa buret a tsaye. Sai ka durƙusa, idonka ya yi daidai da saman ruwan. Mun sha ɓata farin wando a simintin lab muna zaginsa a zuci. Shi ma durƙusawa yake yi, da gwiwar nan tasa mai ciwo.

Abin da ya hana ni zama wuri ɗaya tun safe shi ne, jibi Talata 'yan ajinmu na ƙarshe za su shiga firaktikal ɗin kemistiri na jarrabawar fita. Malamin makaranta shi ke haɗa ruwan gwajin, ya gwada da kansa, ya san lambar da buret zai tsaya. Lambar nan sirri ce. Yarinyar da ta san ta tun kafin ta shiga, ko hannunta bai iya komai ba za ta tsara amsa ta ci maki.

Ranar Alhamis na same shi a lab ya gama haɗawa, yana manna takarda a jikin jarkoki. Na ce, "Malam, buret huɗu gare mu, yara sun haura arba'in. Wata sau biyu kacal ta taɓa riƙe shi. Ka ɗan faɗa musu lambar mana, ko kusa da ita."

Bai ɗago ba. Ya ce, "A'a."

Na kawo masa zancen Hafsa. Yarinya ce mai ƙoƙari, ita ke fara gama lissafin kemistiri a aji, amma da ta kama famfon buret sai hannunta ya hau rawa, asid ya zube ya wuce. Makarantar nas take so, kuma ba a shiga sai da kemistiri. Ya ce ya sani.

Nan fa bakina ya yi halinsa. Na ce, "Malam, gaskiyar nan taka ba za ta shigar da Hafsa makarantar nas ba."

Ya goge hannunsa da tsumma, a hankali, yatsa bayan yatsa. Sannan ya ce, "Rabi, in na ba ta lamba yau, wa zai ba ta ranar da za ta auna wa jariri magani?"

Na ƙara fusata. Na suri jakata. Ina bakin ƙofa ya ce, "Litinin ki zo da wuri." Ban juyo ba, ban ce to ba, ƙofar ma bugo ta na yi.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Yau bayan an fita da shi, ina zaune cikin mata a tsakar gida, matarsa Hajiya Talatu ta yafito ni. Ta miƙo min baƙar leda, ta ce, "Tun jiya ya ware wannan, ya ce naki ne, Litinin zai kai miki." Makullin lab ne a ciki, da littafin da yake rubuta gwaje-gwajensa.

Kafin in kai tasha kira ya fara shigowa. Uban wata ɗaliba ya yi min ta'aziyya, bai ko sauke numfashi ba ya ce, "Malama, tunda abin ya zo da haka, a tausaya wa yaran." Wani abokin aikinmu ya ce ai yanzu komai yana hannuna, kuma kowa ya san ra'ayina tun farko. Wannan ta fi yi min ciwo, don gaskiya ya faɗa. Sai ga saƙon Hafsa daga wayar yayarta: "Malama yanzu ya za mu yi?"

A motar Kibiya na buɗe littafin. Shafin ƙarshe a ninke yake, an danne shi da sitefula har wuri uku. A bayansa ya yi rubutu da jan biro, ya sa kwanan ranar Alhamis:

"'Yar Zurgu, Litinin ki yi naki sau uku, a durƙushe. Sannan ki buɗe ki gwada da nawa. In sun bambanta kada ki ce nawa ne daidai don ni ne babba, ki sake."

Bayan na bugo masa ƙofa ya zauna ya rubuta wannan. Ya ji abin da na roƙa da kunnensa, ya san inda zuciyata ta karkata, kuma duk da haka ni ya shirya damƙa wa lambar.

Ba zan ɓoye muku ba, sau biyu farcena yana kaiwa kan sitefular nan. Tsoro nake ji. Ban taɓa tsayawa a firaktikal ɗin kemistiri ni kaɗai ba, kuma in yaran nan suka faɗi, ni zan kalli iyayensu a kasuwa.

Amma shafin yana nan a ninke. Ba zan buɗe ba sai na yi nawa, in na buɗe kuma ba mai ji daga bakina. Masu kirana ku yi haƙuri, ku daina.

Iyayen 'yan aji shida da ke ganin wannan, ku turo min su gobe ƙarfe takwas. Zan haɗa wani ruwan daban na koyo, mu yi ta yi har la'asar, kowacce sai ta durƙusa ta karanta da idonta. Hafsa ce za ta fara, zan riƙe mata hannu har rawar ta tsaya.

Malam, ban samu na ce ka yafe min ba. Ka kira ni in zo da wuri, zan zo.

Ya Allah ka jiƙan Malam Sabi'u, ka haskaka kabarinsa, ka sa ilimin da ya bari ya riƙa isa gare shi, ka ba Hajiya da yaransa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba. In kun gama tasa, ku sa 'yan matan nan a ciki ranar Talata, ni kuma ku roƙa min Allah ya ba ni ikon kama bakina.