Ciwon Zuciyar da Ya Tafi da Tunanin Baba

Yau shekara huɗu ke nan da muka binne mahaifina, Malam Sada, a Batsari, garin da ba nasa ba. Mutumin Runka ne, manomin gero da gyaɗa. In rigimar iyakar gona ta tashi shi ake kira, don ya san inda kakan kowa ya tsaya da noma.

Ciwon ya faro da haki da kumburin ƙafa. Daga baya sai mantuwa: ya ajiye hula ya yi ta nema, ya kira ni da sunan ƙanena. Muka ce tsufa ne. Sai da muka kai shi asibiti a Katsina likita ya ce hawan jini ya daɗe yana cin zuciyarsa, ta yi rauni, jinin da take turawa ƙwaƙwalwa ba ya isa. Ban taɓa sanin ciwon zuciya na taɓa tunani ba. Ya ce a riƙa dawo da shi duk wata. Sau biyu muka iya. Hanya ba ta biyuwa, magani kuma kullum tsada yake ƙarawa.

A daminar da 'yan bindiga suka kashe ƙanensa, Baffa Iro, a gona, muka kwashe zuwa Batsari. Baba bai riƙe ko ɗaya a ƙwaƙwalwarsa ba. Kullum da safe sai ya saɓa fartanya ya ce, "Ina Iro? Rana na yi." Mu faɗa masa, ya zauna ya yi kuka kamar yanzu aka yi. Gobe ya sake tambaya. Ran nan Inna ta tare ni a zaure.

"Kai, ya isa haka," in ji ta. "Sau nawa za ku kashe masa ɗan'uwa?"

Daga ranar muka koma ce masa Iro ya riga shi fita.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Gonarsa ta koma daji, 'ya'yansa na awon gero da tiya a kasuwa. Ni dai in na ga dattijo na haki yana mantuwa, nakan roƙi iyalinsa su kai shi a auna jininsa, kar su yi jinkirin da muka yi.

Satin da zai rasu bai gane ni ba sam. Na shiga yana shan fura, ita kaɗai ta rage a gidan ranar. Ya dube ni, ya turo ƙwaryar gabana ya ce, "Baƙo, bismillah."

Ciwon ya ɗauke masa sunana, bai iya ɗauke wannan halin ba. Allah ya jiƙan Baba.